Shafin Baibai na 29 ga Fabrairu

A shekarar 1961 na fara saninsa, cikin watan Maris, ranar da shugaban makarantarmu ya aike ni maɗaba'ar ikilisiya in karɓo takardun rajista. Ina sabon malami a lokacin, da farar riga mai guga da alƙaluma biyu a aljihu, ja da baƙi. Na shiga ta ƙofar baya bisa kuskure, sai na tarar da wani gajeren mutum tsaye gaban akwatin haruffa, hannunsa na dama yana kai da komowa kamar kaza tana tsintar hatsi, bakinsa kuma yana motsi. Na yi gaisuwa sau biyu, bai ji ba. A ta uku ya ɗago, ya dube ni kamar mun shekara goma da sanin juna, ya ce, "Malam, ka san abin da za ku karanta ran tara ga Janairun baɗi kuwa? Kai! Zo ka ji!"

Na matsa na duba, ban iya karanta ko kalma ɗaya ba. Haruffan dalma a juye suke, sai an shafa musu tawada an danna a takarda suke fitowa daidai. Shi kuwa ya karanta mini shafin nan tas, ba tuntuɓe, ya ƙare da "Amin" mai ƙarfi, matan da ke ɗinkin littattafai a ƙarshen ɗakin suka amsa masa ba tare da sun ɗaga kai ba. Saboda wannan karatu na juye ake ce masa Baibai. Sunan ya bi shi har gida, har matarsa ma da shi take kiransa in ranta ya ɓaci.

Babban aikin maɗaba'ar shi ne littafin karatun kullum, wanda ake bugawa dubu biyu kowace shekara. Kowace rana tana da shafinta: kwanan wata a sama, sai wurin da za a karanta a Littafi Mai Tsarki, sai ɗan tunani a kai, sai addu'a layi biyu. A gidajenmu da shi ake buɗe rana kafin kowa ya kama hanyar aiki. Baibai ne ke jera shi, shafi ɗaya ko biyu a yini, tsakanin sauran ayyuka. Aji uku kawai ya yi a makaranta, amma ban taɓa ganin wanda Maganar Allah ke sa shi rawar jiki kamarsa ba. Ba ya sakin shafi sai ya karanta wa duk ɗakin, in wata magana ta shige shi sai ya buga cinya ya yi kewaye ɗaya ya dawo. Tun da yake yana gaban kowa da watanni, sai ka same shi yana murnar abin da mu ba mu kai ba tukuna. Goggo, shugabar masu ɗinki, takan ce masa, "Kai ɗan nan, ka bar mu mu gama da yau mana. Kai kullum kana gobe."

Abin da ya fi yawa a bakinsa shi ne, "Yadda Uba ya so." Ba da sanyin murya yake faɗa ba kamar yadda mukan faɗa in mun rasa yadda za mu yi. Da ɗoki yake faɗa, kamar wanda aka ce ya rufe ido za a ba shi kyauta.

A bangon ɗakin, sama da agogo, akwai allo da Manaja ya rubuta da hannunsa: mai jera haruffa ba ya ƙara kalma ɗaya ko rage ɗaya daga abin da aka ba shi, wanda ya yi haka ya bar aiki. Manaja ba mugu ba ne, amma bai taɓa janye maganar da ya kafa ba, kuma an taɓa sallamar mutum a kan wannan doka. Baibai yana da 'ya'ya shida da surukarsa a ɗaki biyu, duk daga akwatin haruffan nan suke ci.

A 1965 idon tsohon faston da ke rubuta littafin ya yi rauni, kwamitin ikilisiya ya ɗora mini aikin. Na yi na shekara biyu lafiya. Na uku shi ne na 1968, na miƙa shi cikin tsari, shafi ɗari uku da sittin da biyar, na ƙirga sau biyu. Aka jera, aka buga, aka ɗinke, aka ɗaure hamsin-hamsin aka jibge bakin ƙofa. Motar da za ta rarraba su ga ikilisiyoyin nesa za ta zo ranar Laraba, sha uku ga Disamba, ƙarfe huɗu na yamma. In ta wuce, ba ta sake zuwa sai bayan sabuwar shekara.

Ran Larabar nan, tara saura kwata na safe, ina tsaron jarrabawar ƙarshen shekara, ajin tsit, sai na ji ana ƙwanƙwasa taga. Na waiwaya, ga Baibai a kan keke, ƙafa ɗaya a ƙasa, gumi na zuba, da rigar aikinsa mai tawada.

"Malam! Malam! Fabrairu!"

Na matsa na ce masa a hankali, "Rage murya, yara suna rubutu. Me ya sami Fabrairu?"

"Ashirin da tara ne! Wani mai kanti ya kawo aikin kalanda, ina jera masa yanzu, na kai ashirin da takwas zan rufe, sai ga tara a takardarsa. Na ce kuskure ne, na duba kalandar Manaja ta baɗi, ga ta nan, ranar Alhamis! Malam, littafinmu daga ashirin da takwas ya tsallaka ɗaya ga Maris!"

Gabana ya faɗi. Ni da nake koya wa yara cewa duk shekara huɗu Fabrairu na samun ƙarin kwana, ni ne na manta. Ba ni da ikon barin ajin sai ƙarfe biyu, ba kuma wanda zai karɓe ni, kowane malami yana nasa ajin. Na tambaye shi ina Manaja, ya ce ya tafi wajen masu sayar da takarda, sai uku zai dawo.

Na ce, "To, babu yadda za a yi. A bar shi haka. Ranar in ta zo, mutane su maimaita na ashirin da takwas. Laifina ne, zan amsa a gaban kwamiti."

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Haba Malam! Ranar da Uba ya ƙara mana kyauta, ita za mu bari ba Maganarsa? Gida dubu biyu su tashi da safe su buɗe su ga wayam? Rubuta mini ko layi biyar ne, ina jira."

Na ɗauki alƙalami, Allah ya sani na ɗauka. Amma yaro ya ɗaga hannu yana neman takarda, wani ya zubar da tawada, kaina kuma ya ƙulle tamau don kunya. Na yi minti goma ban rubuta komai ba sai kwanan wata. Baibai ya leƙo ya ga farar takardar, ya gyara zaman kekensa.

Na ce, "Baibai, kada ka yi abin da nake tsammani. Ka san allon Manaja."

"Na san shi, Malam, kullum a kansa nake duba agogo." Ya yi dariya, ya taka keke. "Yadda Uba ya so!"

Abin da ya faru a maɗaba'a kafin in iso, Goggo ce ta ba ni labari. Ta ce ya shigo a guje ya tsaya tsakiyar ɗaki ya faɗa musu abin da ake ciki, bai ɓoye komai ba: zai jera shafin da kansa, mai inji ya buga a ragowar takardun da ake yankewa, su kuma su kwance ɗaurin nan arba'in su manna shafin cikin kowane littafi da gam. Ya ce laifin karya doka nasa ne shi kaɗai, wanda ba ya so ya sa hannu ba zai ji haushinsa ba.

Goggo kuwa tana da nata uzurin. Ƙullin kayanta na ajiye ƙarƙashin benci, don Manaja ya ba ta hutun kwana ɗaya ta je ta ga jikanta na fari, wanda aka haifa sati uku da suka wuce a wani gari. Motar garin tana tashi sha biyu na rana. Ba a ba da hutu a watannin da ke biye, lokacin buga littattafan makaranta ne, kuma ita ce mai saurin hannu a cikinsu. In babu ita aikin ba zai ƙare kafin huɗu ba.

Ta ce ta dube shi ta ce, "Kai ɗan nan, ka san yau zan je in ga mijina sabo?" Haka take kiran jaririn.

Ya ce, "Na sani, Goggo. Ban ce ki fasa ba."

"Ba ka ce ba, amma ka tsaya kana kallona da idanun nan kamar na ɗan akuya." Ta tura ƙullin da ƙafa can ciki, ta ce wa sauran matan uku su kawo tukunyar gam. "Ka ci mini rana guda, Baibai. Ina binka rana, ka ji ko?"

Bai rubuta komai a takarda ba, domin bai saba ba. Ya tsaya gaban akwati ya rufe ido kaɗan, sannan hannunsa ya fara tsinta, kai tsaye daga zuciya zuwa dalma. Cikin minti arba'in ya gama. Goggo ta ce wannan ne shafi na farko da ya jera bai karanta musu ba; ya miƙa wa mai inji kawai ya juya baya.

Ƙarfe biyu da minti goma na iso, ban ko tsaya cin abinci ba. Ban taɓa ganin ɗakin nan haka ba. An shimfiɗa shafuffuka a tsakar gida suna shan rana, an danne su da guntayen katako. A ciki an yi layi: mai inji yana buɗe littafi a Fabrairu, Baibai yana shafa gam a gefen shafi, Goggo tana mannawa tana dannewa da bayan cokali, sauran suna ɗaurewa. Suna waƙar sujada da sauri fiye da yadda aka saba, don hannu ya bi. Goggo ta hango ni ta ce, "Ga mai Fabrairu gajere ya iso! Malam, tuɓe rigar gugan nan ka kama, ba a kallo a nan."

Kafin in kama na ɗauki shafi ɗaya na karanta. Ya zaɓi wurin da Ubangijinmu ya yi addu'a a lambu kafin a kama shi, inda ya ajiye nufinsa ya karɓi na Uba. Ƙarƙashinsa ga abin da ya jera, ina da shi har yau:

"Yau rana ce ta ƙari. Ba ka yi mata shiri ba, Uba ne ya ba ka. Ni aikina jera haruffa. Harafi ba ya zaɓar inda za a sa shi. In yana hannuna a juye yake, na kusa da shi ma a juye, ba ya gane abin da ake faɗa da shi. Sai an danna shi da ƙarfi a kan takarda magana take fitowa, wani ya karanta ya sami taimako. In yau komai naka a juye yake, kada ka fid da rai, kana hannun Mai jerawa. Addu'a: Ya Uba, ga ni, ga ranar nan. Ka sa ni inda kake so."

Na nemi alƙalamina ja bisa sabo, na sami waƙafi ɗaya da ya ɓace. Na mayar da alƙalamin aljihu, na naɗe hannun riga, na karɓi buɗe littattafai.

Uku da kwata Manaja ya shigo. Waƙa ta tsaya cak, amma hannun Goggo bai tsaya ba. Ya dubi ɗaurin da aka kwance, ya dubi tukunyar gam, ya ɗauki littafi ɗaya ya buɗe ya karanta a tsaye, har ƙarshe. Kafin ya yi magana Baibai ya goge hannu, ya cire rigar aikinsa, ya ninke ta sau huɗu ya ajiye a kan akwatin haruffa.

"Ranka ya daɗe, ni na jera. Ba wanda ya ba ni. Ka bar ni in gama shafa gam, saura ɗari uku, sannan in tafi."

Na shiga tsakani na ce laifin nawa ne, ni na manta da ranar. Manaja ya ce, "Malam, kai ka manta, shi ya karya doka yana sane. Ba ɗaya ba ne." Ya juya ga Baibai da littafin a hannu. "Littattafai za su bi mota, don in ban sake su ba mutane ba su da na Janairu ma. Kai kuwa ka zauna gida. Kwamiti zai zauna Laraba ta biyu ta Janairu. In sun ce shafin nan bai dace ba, ko sun ce doka ta bi ta kanka, ka tafi ke nan. Ba zan roƙa maka ba."

"Na gode, ranka ya daɗe." Baibai ya koma ga gam ɗinsa ba riga. Huɗu saura minti biyar aka ɗaure na ƙarshe, direba yana ta danna ham a waje. Da motar ta tashi Baibai ya bi ta da gudu har kwana yana ɗaga hannu biyu, kamar ba shi aka kora ba.

Na je gidansa sau uku cikin makonni huɗun nan, kowane zuwa da nauyi a zuciyata. Ya sami aikin sauke katako a kasuwa, kafaɗunsa duk sun saɓule. Wata safiya na same su zaune a tabarma suna karatun ranar, shi yana riƙe da littafin a juye don yara su ga rubutun. Da suka gama matarsa ta kawo mini kujera ta ce, "Malam, ka yi masa magana. Mutum ya ajiye aikin shekara sha ɗaya a kan kwana ɗaya, kwanan ma bai zo ba tukuna, kuma yana ta washe baki."

Ya ce, "Uwar yara, ai na roƙi Uba ya mayar da ni. Kullum ina roƙo. Amma na ce masa in yana da wani wurin da ya fi so in tsaya, ya sa ni can."

"To, ka ce masa ya yi sauri, takalman yara sun mutu."

Ya kwashe da dariya har yana tari. Daga baya da ya raka ni bakin hanya ya rage murya ya ce, "Malam, kada ka ɗauka ba na jin tsoro. In na tuna akwatina wani yana taɓawa, tsoron yakan kama ni. Sai dai kowace safiya in na miƙa wa Uba abin, yakan yi sauƙi har yamma. Gobe kuma sai in sake miƙawa."

Ranar zaman kwamiti mutum bakwai ne, ban da ni da Manaja. Baibai yana waje a kan benci. Na faɗi laifina a fili, Manaja ya karanta dokarsa. Wani dattijo ya ce in aka bar wannan, gobe kowane mai jera haruffa zai zama mai wa'azi, kuma maganarsa tana da nauyi, biyu suka goyi bayansa. Sai tsohon faston nan da idonsa ya yi rauni ya ce a karanta masa shafin, shi bai gani. Na karanta. Ya ce in sake. Na sake.

Ya ce, "Shekara ashirin da biyu na rubuta littafin nan, sau da yawa na yi ta kewaya maganar nan ban same ta haka ba. Dokar Manaja tana da kyau, a bar ta a bango. Amma an kafa ta don kada a ɓata Magana, wannan kuwa bai ɓata ba, rami ya cike. Ni dai in kuka kore shi, ku cire sunana daga kwamitin."

Aka ɗaga hannu, huɗu suka ce a mayar da shi, uku suka ƙi. Manaja ya buɗe jakarsa ya fito da rigar aikin nan, a wanke, a goge, ya fita da kansa ya miƙa wa Baibai. Muna ciki muka ji ihun Baibai, sannan muka hango shi ta taga ya ɗaga kekensa sama da hannu biyu yana juyi da shi a tsakar gida.

Alhamis, ashirin da tara ga Fabrairu, muka karanta shafinsa a gidana da ƙarfe shida na safe. Da aka tashi makaranta na biya maɗaba'a don in gaya masa yadda matata ta sa aka maimaita addu'ar. Ban same shi gaban akwati ba. Yana can ƙarshen ɗaki a kan bencin Goggo, da allura da zare, littattafan lissafi jibge a gabansa, yatsunsa uku ɗaure da tsumma. Matan suna ta yi masa tsiya, ɗaya ta ɗaga wani littafi ta ce, "Malam, dubi ɗinkin Baibai, shi ma a juye yake tafiya."

Na tambaya ina Goggo. Suka ce ta bi motar jiya da rana ta je ganin jikanta, sai anjima za ta dawo. Ashe Baibai ya je wa Manaja shi kaɗai ya ce a ɗauki ranar hutunsa ta wannan shekara a ba ta, shi kuma zai ɗinke rabonta na yini, littafi ɗari da ashirin, don kada aiki ya tsaya. Ko matarsa bai gaya wa ba. Ita tana tsammanin yana wurin haruffansa.

Na ce, "Nawa ka yi?"

Bai ɗago ba, yana neman ramin allura da ido ɗaya a rufe. "Saba'in da huɗu, Malam. Matsa mini daga haske."